Abin da aka tattaro kan ta'aziyya da begen tashin matattu

'Yan'uwa, zancen da muke yi kan yadda Kirista zai yi ta'aziyya da begen tashin matattu ya yi tsawo, sai na ce bari in tattara shi wuri ɗaya domin waɗanda suka zo a makare.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Yesu kansa ya zub da hawaye a Betanya, alhali ya san zai ta da abokinsa Li'azaru daga matattu. Abin da Bulus ya hana a 1 Tasalonikawa 4 shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Wata 'yar'uwa ta ce ranar da aka binne mijinta, kowa na ce mata "daina kuka", sai wata tsohuwa ta zauna kusa da ita a tabarma, ta riƙe hannunta, ba ta ce uffan ba. Tsohuwar nan ce kaɗai take tunawa da ita. Ni ma wannan ya taɓa ni.

2. Kada a mai da gidan makoki wurin dogon wa'azi. Aya ɗaya ta isa.

3. Don bayyana wa yara tashin matattu, mutane da yawa sun zaɓi misalin iri na 1 Korantiyawa 15: ana binne ƙwayar dawa, ta fito da sabon jiki.

4. An rabu kan inda mamaci yake kafin ranar tashi. Wasu sun ce barci yake yi, mafi yawa suka ce yana Firdausi, suka kawo alkawarin Firdausi da Yesu ya yi wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi.

5. Addu'a domin mamaci: 'yan Katolika suna yi, 'yan ikilisiyar ECWA sun ce a yi wa masu rai. Ba a daidaita ba.