A saki waƙoƙin da marigayi ya bari, ko a bar su inda ya ajiye su?

Anti Malama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kun ga sanarwar da kamfanin da ke fitar da waƙoƙin marigayi mawaƙin nan ya fitar? Wai wata mai kamawa za su saki sabon kundi na waƙoƙin da ya bari. Tun jiya raina a ɓace yake. Yaron nan ko shekara 25 bai cika ba, iyayensa ba su gama share hawaye ba, har an fara talla da hotonsa. Ni inda na tsaya ke nan: waƙar da mai ita bai sake ta da hannunsa ba, sakinta bayan ransa cin amana ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Autan Zaure: Amin Anti. Amma gaskiya ni jira nake. Har yau idan na tuna ba zan sake jin sabuwar waƙa daga bakinsa ba, ƙirjina nauyi yake yi. Ai ba don kwamfuta ya rera su ba, don mu ya rera. In an kulle su, kamar an sake binne shi ne.

Baba Na Rediyo: Wa alaikumus salam. 'Yata, na ji zafinki, amma kalmar cin amana ta yi faɗi. Otis Redding na Amurka ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar 1967, yana da shekara 26. Kwanaki kaɗan kafin nan ya shiga sutudiyo ya naɗi wata waƙa. Abokin aikinsa mai kaɗa jita, Steve Cropper, shi ya zauna cikin jimami ya daidaita sautinta, aka sake ta a farkon 1968, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar, kuma ita ce aka fi saninsa da ita har gobe. Da an bi ƙa'idarki, da mun rasa mafi kyawun aikinsa. Ko Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, da ya rasu a 1791 yana ɗan shekara 35, almajirinsa ne ya ƙarasa masa kiɗan da ya bari a tsakiya.

Anti Malama: Baba, kun zaɓo mai kyau kun kawo. Wanda kuka ambata da farko ya rera waƙarsa daga farko har ƙarshe da niyyar a ji ta. Ku dubi Pop Smoke, da aka kashe a Los Angeles a Fabrairun 2020 yana da shekara 20. Kundi biyu aka fitar da sunansa bayan rasuwarsa. Na biyun, na 2021, an cika shi da baƙin mawaƙa har masoyansa da kansu suka yi ta ƙorafi. Sunansa ne a bango, amma aikin wa ke ciki?

Mai Haɗa Kiɗa: Ku ba ni dama in faɗi abin da ake samu a kwamfutar mawaƙi, don sana'ata ce. Mutane suna zaton kundi ne a jere yana jiran a danna. Ba haka ba ne. Za ka buɗe fayil ka ji amshi kawai, babu baiti ko ɗaya. Wani kuma ba kalmomi a ciki, gunguni ne yake bin kiɗa da shi yana neman karin da zai ɗora. Za ka ji ya tsaya ya yi tari, ya ce "mayar da ni baya, ban kama ba." Akwai wanda ya rera cikin fushi da dare a kan wata da suka saɓa, gari ya waye ya ce a ajiye, kada kowa ya ji, suka ma shirya daga baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da kunnenmu zai ji babu aibu, shi ya san dalilin da ya sa ya ɓoye.

To a irin wannan tarkacen ake haɗa kundi. A yanko amshi daga nan, a ɗebo rabin baiti daga wata waƙar daban, a cire kiɗan da ya zaɓa a sa wanda ake yayi, a kira wani tauraro ya cike gurbi, wataƙila ma wanda ba su taɓa gaisawa ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda za a ciyar da ita tsofaffin waƙoƙinsa ta fito da muryarsa tana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, Auta. Za ka yi kuka kana sauraro, alhali ba shi kake ji ba.

Autan Zaure: Yaya, wannan ya girgiza ni. Amma duka haka ne? Babu wadda ya gama?

Mai Haɗa Kiɗa: Akan samu, ƙanena. Biyu ko uku da ya saurara ya ce sun yi. Waɗannan ban ga laifin sakinsu ba. Matsalar ita ce uku ba sa cika kundi.

Yaya Mai Lissafi: Kuna ta maganar fasaha, ba wanda ya tuna da waɗanda ya bari. Waƙoƙin nan dukiya ce, kuma ta magada ce. In yana da bashi, da ita za a biya. In shi ke ɗauke da gidansu, da ita za su rayu. Mahaifiyar Tupac, mawaƙin Amurka, bayan an kashe ɗanta a 1996 yana da shekara 25, kamfani ta kafa da kanta don kula da abin da ya bari, kuma kundayen da suka fito bayan ransa sun fi waɗanda ya fitar da ransa yawa. Wa zai kalli uwa ya ce mata ta ci amanar ɗanta? Dangin Avicii kuma, mai haɗa kiɗa ɗan ƙasar Sweden da ya rasu a Oman a 2018 yana da shekara 28, sun amince abokan aikinsa su ƙarasa kundinsa bisa bayanan da ya rubuta da saƙonnin da ya bari. Ya fito a 2019, ribar ta tafi gidauniyar da ke yaƙi da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Anti Malama: Ɗan'uwa, uwa daban, kamfani daban. A sanarwar nan ban ga inda aka ambaci iyayensa ba. Kuma akwai masu riƙe da irin wannan ajiya da suka ji tsoron abin da nake tsoro. Shugaban kamfanin da ke fitar da waƙoƙin mawaƙiya Amy Winehouse a Ingila ya bayyana a 2015 cewa ya lalata gwaje-gwajen waƙoƙin da ta bari, don kada wani ya zo ya ɗora kiɗa a kansu ya sayar. Ta rasu a 2011, tana da shekara 27.

Baba Na Rediyo: Shi ma wannan ya wuce gona da iri, 'yata. Wa ya ba shi ikon shafe abin da ba zai dawo ba? Ajiyewa daban, gogewa daban. Kuma ki tuna, kafin nan sun riga sun saki kundi guda nata a ƙarshen 2011.

Ƙanwar Kowa: Ni tun ɗazu karantawa nake ina hawaye. Muna jayayya a kan muryarsa, shi kuwa yanzu addu'a yake buƙata. Ina roƙon duk wanda zai saurara, kafin ya kunna ya nema masa gafara. In kuma akwai waƙar da ya san zai ji kunyarta a gaban Ubangijinsa, don Allah kada a fito da ita.

Anti Malama: Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Na sassauta a kan waɗanda ya kammala, in iyayensa sun yarda. Ragowar kuwa ina nan a kan bakana.

Autan Zaure: To ni yaya zan gane wadda ya gama da wadda aka ɗinka masa?

Mai Haɗa Kiɗa: Da kunne kaɗai ba lallai ka gane ba. Shi ya sa ya kamata mu rubuta wa kamfanin kafin ranar sakin, su faɗi shekarar da aka naɗi kowace waƙa, wanda ya taɓa ta bayan rasuwarsa, ko an sa na'ura a muryar, da kason da zai kai hannun magada. Zan tsara wasiƙar yau da dare in turo nan. Baba, in kun duba kun gyara, sai mai so ya sa hannu.

Baba Na Rediyo: Turo, ɗana. Amma kafin ta tafi ko'ina, a fara nuna wa mahaifansa.