Me za mu kira kogin da doka ta hana a datse?

Salamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara. Ina so mu tsayar da magana kan abin da Amurkawa ke kira Wild and Scenic Rivers. Abin da ke fara zuwa baki shi ne "kogunan daji masu kyan gani", ni kuwa ban gamsu da shi ba.

Asalinsa doka ce da Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Oktoba, 1968. Sanata Frank Church na jihar Idaho ne ya tsaya mata a majalisar dattawa, bayan wasu tagwaye masana namun daji, John da Frank Craighead, sun daɗe suna kira a yi ta. A wancan zamani gwamnatin tarayya ta duƙufa wajen gina madatsun ruwa, daga Hoover har Glen Canyon a kan kogin Colorado, har kogin da ke gudu yadda Allah ya halicce shi ya soma wuyar samu. Sai dokar ta ce duk kogin da aka sa a jerinta, ba a ba da lasisin datse shi, gwamnatin tarayya kuma ba ta zuba kuɗi a aikin da zai ɓata gudunsa. Kariyar ta haɗa da bakin gaɓa, kamar mita 400 ta kowane gefe. Da koguna 8 aka fara, ciki har da Rogue a Oregon da wani yanki na Rio Grande a New Mexico. Yau sun haura 200, amma duk tsawonsu bai kai kashi 1 cikin 100 na kogunan ƙasar ba.

Ashe kenan magana ce ta hani. Wanda ya ji "kogin daji" kuwa, abin da zai fahimta kogi ne da ya ratsa ta daji, shi ke nan. Ba zai ji hannun hukuma a ciki ba.

"Kyan gani" ma tarko ne. Dokar ta kasa kogunan kashi uku, kuma ba da kyau take auna su ba, da yawan taɓawar ɗan Adam take aunawa. Na farko shi ne wanda galibi sai a ƙafa ake isa gare shi. Na biyu, hanyar mota ta iso shi nan da can amma gaɓarsa ba gine-gine sosai. Na uku, titi ko layin dogo na kai mutum gare shi cikin sauƙi, watakila ma an taɓa tare ruwansa a da. Kogin da ya fi kowanne ƙawa zai iya faɗawa kashi na uku don kawai kwalta ta bi gefensa.

Wani zai ce "killataccen kogi". A'a. Killace ruwa ai shi ne aikin madatsa. Je ka faɗa wa masunci a fadamun Haɗejiya da Nguru, wanda ambaliyar damina ta ragu masa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, cewa an killace kogi. Zai ɗauka wani dam ɗin aka ƙara.

Shawarata: gandun kogi.

Kowa ya san gandun daji, ya san Yankari, ya san wuri ne da hukuma ta ware ta ce kada a taɓa. Kalmar tana ɗauke da dokar a cikinta ba sai an yi bayani ba. Sai mu ce "an mai da kogin Rogue gandun kogi a 1968", a kira dokar "Dokar Gandun Kogi". Kashe-kashen uku kuma mu bar su da gandu mai daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, tunda fassara sunayensu na Turanci (wild, scenic, recreational) ruɗu take kawowa.

Na san inda za a kama ni: gandun daji a wurinmu yana nufin ba sara, ba noma, ba kiwo, a can kuwa ana kamun kifi, ana tuƙa kwale-kwale, masu gonaki a bakin kogi suna nan da gonakinsu. Gaskiya ne. Wannan sai mai labari ya ƙara jimla ɗaya ya fayyace, ya fi a ɗauki sunan da bai nuna akwai doka ba sam.

Mutanen Sakkwato, Katsina da Maraɗi, ku da kuke cewa gulbi, "gandun gulbi" ya zauna a bakinku? Jam'in kuma fa: gandayen koguna, ko kogunan gandu? Ni na fi karkata ga na biyun, don ya fi sauƙin faɗa a rediyo.