Ina ake samun sahihan alƙaluman ma'aikata, kuma wane taimako hukuma ke yi wa mai ɗaukar aiki a Gombe?

Mai Injin Casa, Gombe:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin casar shinkafa a gefen garin Gombe, da ma'aikata 19, kuma ina shirin kafa inji na biyu bayan kaka, wanda zai kai adadinsu kusan 30. Na karanta cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta ce marasa aikin yi kashi 4.3 cikin ɗari ne a tsakiyar 2024, alhali kullum da safe sai na tarar da samari a bakin ƙofa suna neman ko da aikin dakon buhu ne, amma idan na nemi wanda ya iya kula da inji ko mai gyaran wutar masana'anta sai in yi ta cigiya ban samu ba. Shin waɗannan alƙaluma suna da amfani ga irina? Kuma wace hukuma ce ke taimaka wa mai kamfani wajen samun ƙwararru da horar da su?

Malamin Lissafi, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da idonka ya gani da abin da ka karanta ba su saɓa wa juna ba, ma'aunin ne aka sauya. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce marasa aikin yi kashi 33.3 ne, domin a lokacin duk wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A watan Agusta na 2023 ta fito da rahoto bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya ce duk mai shekara 15 zuwa sama da ya yi aikin neman kuɗi ko da na awa ɗaya ne a cikin kwana bakwai, to yana da aiki. Da wannan ma'auni adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Saurayin da ke tsaye a ƙofarka, idan jiya ya yi acaɓa da babur ɗin yayansa, a wurin hukumar ba marar aiki ba ne.

Saboda haka kada ka tsaya a kan wannan adadi guda. Abin da ya fi shafarka a rahoton shi ne cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan suna sana'o'in da ba su da rajista ko takardar ɗaukar aiki, kuma mafi yawansu kansu suke yi wa aiki. Ma'ana, gwanin da kake nema yana nan, amma yana garejinsa ko rumfarsa, kuma ba zai rufe ta ya zo wurinka ba sai albashinka ya fi abin da yake samu. Rahoton yana shafin hukumar na intanet kyauta, na shekarar 2023 ma ya kawo alƙaluman jiha-jiha, sai dai ba zai faɗa maka masu walda nawa ne a Kumo ko Bajoga ba.

Akanta daga Bauchi:

Ranka ya daɗe, ni adadin 30 ɗin da ka ambata ne ya ja hankalina, domin da zarar ka kai ma'aikata 25 dokoki biyu za su hau kanka. Ta farko ita ce dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Ta biyu ita ce ta Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, wanda ake biya wa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin shekara. A da daga ma'aikata 5 ake farawa, gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ne ya mayar da shi 25. A nan taimakon da kake tambaya yake: wanda ya biya, ya kuma horar da ma'aikatansa bisa tsarin da asusun ya amince da shi, yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Sharaɗin shi ne a sanar da su kafin a yi horon, a kuma adana rasit da sunayen waɗanda suka halarta, wanda a nan ne masu kamfani da dama ke yin sakaci.

Fansho kuwa tun yanzu ya wajaba a kanka tunda ka wuce 15: kai ka zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma kashi 8, bisa dokar 2014.

Hajiya Mai Man Gyaɗa, Gombe:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma a ganina, Alhaji, ba a takarda za ka sami mutumin da kake nema ba. Ka rubuta wa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Gombe da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi cewa kana karɓar ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES. Watannin da za su yi a wurinka sun isa ka gane mai hannu da mai riƙon amana, kuma haka na sami mai kula da injin matsar da nake da shi yanzu. Ofishin Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, shi ma yana tura matasa koyon sana'a wurin iyayen gida, don haka ka nemi sunayen waɗanda aka yaye a fannin walda da wuta. Wanda ya koya a gareji kuma, ka tambaye shi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, amma duk da haka ka sa shi ya kwance injin ya ɗaura a gabanka.

Mai Injin Casa, Gombe:

Allah ya saka muku da alheri. Malam Akanta, 'yan lodin da nake biya kuɗin buhu-buhu fa, ina matsayinsu?

Akanta daga Bauchi:

Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire waɗanda ake biya gwargwadon aikin da suka yi, irin 'yan lodinka, da masu aikin da ke bin kaka kamar na gona. Amma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta cire su ba, domin ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ko da yarjejeniyar baki ce tsakaninku. Ana biya wa hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin wata, ita kuma ta ɗauki nauyin magani da diyya idan, Allah ya kiyaye, bel ya kama hannun yaro ko tarin buhuna ya rufto masa. Ka buɗe littafi tun yanzu mai sunan kowane ɗan lodi da abin da ya karɓa a wata, ka kai ofishinsu su lissafa maka kafin injin na biyu ya fara aiki.