Neman shawara: shirin kare matasa daga haɗarin jima'i, ta ina za mu fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta sa-kai tana son fara shiri ga yara kusan 60, 'yan shekara 13 zuwa 17, saboda cikin da ba a shirya masa ba da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Mun tsara taron yini ɗaya, likita ya zo ya nuna hotunan masu ciwo don su tsorata. Iyaye kuma suna fargabar za mu buɗe wa yara ido. Wannan tsarin zai yi?

Wata ma'aikaciyar lafiya: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya taron yini ɗaya ba ya sauya hali. Jagorar 2009 ta UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar zama 12 ko fiye. Ku raba su rukuni huɗu, 15 a kowanne, 'yan 13 da 14 daban, manya daban, a riƙa haɗuwa awa ɗaya duk mako.

Hotunan kuma ku ajiye su. Yaron da ya ga ciwo mai muni zai ɗauka duk wanda ya gani fes to lafiyarsa ƙalau, alhali yawancin cututtukan nan, har da ƙanjamau, suna daɗewa ba alama. Tsoratarwa takan juye ma. A wani gwaji a Ostireliya da aka wallafa a 2016, an ba 'yan mata 'yar tsana mai kukan jariri don su ɗanɗana wahalar raino, sai aka tarar sun fi sauran ɗaukar ciki kafin shekara 20.

Abin da ke aiki shi ne atisaye. Rabin kowane zama ya tafi a wasan kwaikwayo: yadda yarinya za ta ƙi kyautar babban mutum mai nufi a kanta, yadda yaro zai tsaya idan abokai suna masa gori, abin da za a yi idan wani ya nemi hoton tsiraici ta waya. A maimaita har bakinsu ya saba da kalmomin. Ku ajiye akwatin tambaya da ba a rubuta suna, a amsa a zama na gaba.

Wani malamin makaranta: Malama, da iyaye za ku fara, kafin yaro ko ɗaya ya zauna. Ku yi zama biyu da su, ku nuna musu darussan gaba ɗaya, ku karɓi izini a rubuce. Shiri yakan rushe ne ranar da uba ya ji wani yanki na darasi daga bakin ɗansa ba tare da ya san mafarinsa ba. Fargabarsu kuwa tana da amsa: bitar da UNESCO ta yi ta nuna irin wannan ilimi ba ya sa yara fara jima'i da wuri, wasu shirye-shiryen ma jinkirta shi suke yi. Kuma kada ku bar yara maza a baya, kuskure ne da ake yawan yi.

Wata mai ba da shawara ga matasa: Ƙari ɗaya mai nauyi, 'yar'uwa. Da zarar yara sun amince da ku, wata za ta faɗi cewa ana cin zarafinta. Ku san asibitin da za ku kai ta tun kafin ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau, wato PEP, dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5, amma da wuri ya fi. Tun zaman farko ku sanar da su cewa za ku riƙe sirri, sai dai idan wani yana cikin haɗari. Manya biyu a kowane zama, kada a keɓe da yaro.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Masu koyarwar fa, matasa 'yan'uwansu za su iya?

Ma'aikaciyar lafiyar: Za su iya jan wasan kwaikwayon, amma bayanin lafiya babba mai horo ya riƙe shi, domin kuskure ɗaya daga bakin aboki yana bazuwa da sauri.