Tafiyar rabon keken guragu zuwa Gana: in je da kaina ko in aika kuɗin?

Saratu_Fisiyo:

Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda su kansu ke hawa keken guragu, ko suke da mai nakasa a gida.

A Zariya na girma, yanzu ina aikin fisiyo a wani asibiti a Ingila, wato gashi da motsa gaɓoɓi. Wata ƙungiyar Kirista ta nan tana haɗa 'yan sa kai da za su je wajen Kumasi baɗi su raba kekuna, su kuma zauna da fastoci a kan yadda ikilisiya za ta karɓi nakasassu. Tafiyar ba za ta kai mako biyu ba. Suna so na ne don sana'ata da kuma Hausar da ke bakina, tunda a zango da ita ake magana. Kowa shi zai biya kuɗin jirginsa da masaukinsa, ko ya nemi gudummawa a ikilisiyarsa.

Irin wannan aiki ya daɗe. Wadda ta fi yin suna a kansa ita ce Joni Eareckson Tada, Ba'amurkiyar da ta yi tsalle cikin ruwa marar zurfi a 1967, tana 'yar shekara 17, ta karya wuya, jikinta ya shanye. A 1979 ta kafa Joni and Friends, a 1994 kuma suka fara shirin Wheels for the World, Gana ce ƙasar farko da suka kai kekuna. Ana tattara tsofaffin kekuna a Amurka, fursunoni su gyara su a gidan yari, a loda a kwantena, 'yan sa kai su bi bayansu. Tamu ƙungiyar daban ce, amma tsarin kusan ɗaya.

Kuɗin ne ya tsaya mini a rai. Abin da zan kashe a kaina ni kaɗai zai sayi kekuna masu dama a hannun maƙeran gida. Maigidana ya ce in aika kawai. Ni kuma na san abin da keken da bai dace da jiki ba yake yi wa mutum. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafi a mazaunansa. In ya wuni a kan siririn matashi, fatar da ke kan ƙashin zama sai ta canza launi, in kuwa aka ɗaga shi rabin awa ba ta dawo daidai ba, to matsala ta fara. Daga nan sai gyambo, ya ci nama har ƙashi, kuma yana kisa. Shi ya sa muke auna faɗin ƙugu, mu bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin bayan gwiwa da bakin kujera, mu cusa hannu a ƙarƙashin mutum mu ji ko matashin yana ɗaukarsa. Kwantena ba ta yin wannan, sai hannun wanda ya koya.

Sai dai ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 matakai takwas ta lissafa, na ƙarshe shi ne bibiya da gyara. A nan ne na tsaya. Ranar da keken zai buƙaci gyara ina Ingila. To in tafi, ko in aika?

MaiKeke_Jos:

Ƙanwata Saratu, sannu da wannan tunani. Ni shan inna ya kama ni ina yaro, da rarrafe na yi firamare, silifa a hannu. Yanzu ina gyaran waya a Jos, da mata da 'ya'ya. Na hau keken baƙi, na hau na gida, bari in gaya miki abin da jikina ya gaya mini.

Wanda baƙi suka ba ni irin na asibiti ne, mai naɗewa, da ƙananan tayoyi biyu a gaba. A kan siminti ba shi da na biyu. Amma daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi yashi ne da duwatsu, da damina kuma taɓo. Tayoyin gaba su nutse, keken ya kife da ni. Ba a daɗe ba boris ɗin gaba ya tafi, na zaga kasuwa ban sami irinsa ba, lambar wayar da aka bar mana kuma ba ta shiga. Na koma rarrafe da keke a jingine a ɗaki.

Wanda nake hawa yanzu mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ake ƙerawa a nan Jos. Wataƙila kin ji labarin Beautiful Gate, wurin ƙera irin waɗannan kekuna na Ayuba Gufwan, shi ma shan inna ne ya kama shi, kuma Kirista da Musulmi duk suna ba su. Tayar keken hawa ce, sarƙarsa da birkinsa duk na keke. In taya ta sace kowane mai faci zai liƙe, in ƙarfe ya tsage mai walda na nan. Amma kada in rufe ki: ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga bayi, kuma wanda hannunsa ba ƙarfi, ko yaron da ba ya riƙe wuya, ba abin da zai yi masa. Waɗannan su ke buƙatar irinki. Kuɗinki ba zai auna su ba.

Don haka ni ban ce kada ki je ba. Amma baƙo raɓa ne. Kafin ki biya ko sisi ki tambaye su: wa zai riƙa gyara bayan kun tashi, kuma an bar masa kayan gyara? Akwai nakasasshe a cikin tawagar, wanda zai tsaya a gaba ya koyar, ba wanda za a tura a ɗauki hoto da shi ba? Maganar hoton nan tana mini ciwo. An taɓa ɗaukata ina ƙasa kafin a ɗora ni, don a nuna bambanci. Ba wanda ya tambaye ni ko na yarda.

Sai maganar ikilisiya, wadda a wurina ta fi keken nauyi. Na yi shekaru ina zama a bakin ƙofa, inda ake ajiye lema, saboda matakala. Ina da murya, ina son shiga mawaƙa, amma mawaƙa a kan dandamali suke. Duk lokacin da baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa, ni za a fara ɗauko wa. A riƙe ni ta hammata a ce in taka, in kasa, a sauke ni, a ce bangaskiyata ce ba ta kai ba. Mahaifiyata takan koma gida tana kuka, har ta daina zuwa da ni irin waɗannan taruka. Abin da ya canza mini rayuwa ba wani babban abu ba ne. Wani dattijon ikilisiya ya sayi siminti aka yi gangare a ƙofar gefe, aka sauko da mawaƙa ƙasa, daga baya matasa suka zaɓe ni ma'aji. Mutumin da aka damƙa wa kuɗi ba a kallonsa a matsayin mabaraci. A Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya a watan Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya wuce, kuma har gobe ana gina sababbin majami'u da matakala goma. In za ku zauna da fastoci, ku kai su ƙofar majami'arsu, ku ɗora ɗayansu a keke ya gwada shiga.

Baba_Rabaran:

'Yata, Ubangiji ya yi miki albarka. Ɗana na Jos ya faɗi abin da mu fastoci ya kamata mu ji da kunnen basira.

Ni ina bayan ki je. Zuwa da kai ya fi aike, kuma lissafin maigidanki bai cika ba: yawancin waɗanda za su ba da gudummawa don Saratu za ta tafi ba za su ba da ita don wani asusu da ba su sani ba. Amma ki dubi waɗanda aikinsu ya tsaya har yau, ki ga abin da suka yi.

Makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato, 'yan mishan na Sudan United Mission (SUM) suka buɗe ta a 1953. Ba sanda suka raba ba, karatu suka koyar da rubutun makafi, har ɗalibansu suka zama malamai da masu bishara. Ƙasar da za ki kuma tana da nata labarin. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya gama digiri a Gallaudet, jami'ar kurame, a 1954. Ƙungiyoyin mishan suka ƙi aikensa, sai ya kafa tasa a 1956. Ya buɗe makarantar kurame a Akra a 1957, ta Ibadan a 1960, kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa sama da 30 a ƙasashe 13. Duk inda ya je sai ya horar da kurame 'yan ƙasa ya bar musu aikin. Shi kansa kurma ne, ki lura da wannan. Amsar tambayar da ɗana na Jos ya yi ke nan.

Ga fastocin kuma, ki buɗe musu Luka 14. Maigidan biki bai ce a warkar da guragu da makafi sannan a shigo da su ba, cewa ya yi a shigo da su. Mefiboshet ya ci abinci a teburin Dauda duk kwanakinsa, ƙafafunsa ba su miƙe ba. A Yohanna 9 almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutumin makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Har yanzu akwai uwar da ake zargi da laifi saboda ɗan da ta haifa, a cikin zumuntar mata ma. Muna addu'ar warkarwa, ba za mu daina ba. Amma wanda bai warke ba ɗan gida ne, ba abin gwaji ba.

Hajiya_Zango:

Malama Saratu, ni Musulma ce a nan Kumasi, wata maƙwabciyata ta turo mini wannan. Ɗana ya sha wahala wurin haihuwa, ba ya zama da kansa, ba ya riƙe wuya. Ya yi nauyi yanzu, goyo ya gagare ni, a tabarma yake wuni. Ni dai na ce ki zo.

Amma in a cikin coci za ku raba, mata da yawa na zango ba za su kawo 'ya'yansu ba, ko da suna so, don gudun maganar miji da dangi. Ku nemi filin makaranta ko asibiti. Ku fara gaida sarkin zango da limamai tun kafin ranar. In akwai wa'azi ko Baibul, ku faɗa a fili tun farko, wanda ya so ya karɓa, wanda bai so ba a ba shi kekensa ya tafi da mutuncinsa. Mun san ku Kirista ne, ba wannan ne ke damunmu ba. Abin da ba ma so shi ne a riƙe wa yaro keke sai uwarsa ta ɗaga hannu.

Kuma waɗanda suka fi buƙata ba za su ji sanarwa ba. Suna can cikin ɗaki an sakaya ƙofa. Sai an bi gida gida da macen da aka sani a unguwa. Ku tuntuɓi ƙungiyoyin nakasassu na nan, suna da haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa, sun san mutanensu. Mu ma muna da doka tun 2006, ta ba gine-gine shekara goma, amma har yau in na kai shi asibiti sai na nemi mai kama mini a matakala. Hausa za ta yi miki aiki a zango, in kin fita kuma sai da mai jin yaren Twi.

Saratu_Fisiyo:

Na gode ƙwarai. Yaya MaiKeke, labarin riƙe ka ta hammata ya daɗe yana mini yawo a kai. Baba, na karɓi albarka.

Na tura wa shugabannin tafiyar tambayoyinku kamar yadda kuka yi su. Sun ce suna aiki da wani asibiti a can, kuma ma'aikatansa za su tsaya tare da mu a kowane awo. Maganar mai gyara da kayan gyara ba su da amsa tukuna, tawagar kuma ba nakasasshe ko ɗaya. Na gaya musu sharaɗina: in an samo mai gyara ɗan gari da za a horar, aka kuma ba nakasassun Kumasi su jagoranci zaman fastoci, zan biya in tafi. In ba haka ba, kuɗin zai tafi Jos. Na ƙara da batun wurin rabo da na hoto, na ce ba za a ɗauki kowa ba sai da yardarsa, kuma ba yana ƙasa ba.

Hajiya, ɗanki ba keken manya yake buƙata ba, kujera ce mai tallafe kai da ƙirji, wadda za a ɗan kwantar da ita baya, kuma irinta sai an tanada tun daga nan. Kada ki jira mu. Ki riƙa juya shi akai-akai, ki duba fatar ƙugunsa da diddigensa da ƙeyarsa kullum. Lokacin cin abinci kada ki ba shi yana kwance, ki jingina shi a jikinki a zaune, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, ki ba shi kaɗan-kaɗan. Ki turo mini saƙo ta gefe: shekarunsa nawa, yana ƙwarewa in yana shan ruwa, kuma jikinsa sandarewa yake yi ko saki?