Neman izinin Google Drive a manhajar kwamfuta: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Garwa nake, na haɗa wata 'yar manhaja ta lissafin shago da ke ajiye bayanai a Google Drive na mai shagon. Wajen neman izinin shiga na maƙale.

Na bi ƙa'idar OAuth 2.0, wato hanyar ba manhaja izini ba tare da an ba ta kalmar sirri ba, yadda takardar ƙa'ida ta RFC 8252 ta 2017 ta tsara: manhaja ta buɗe burauza, mutum ya amince, amsa ta dawo ta 127.0.0.1 (adireshin da kwamfuta ke nufin kanta da shi), da PKCE a kai (kariyar da ke hana wata manhaja amfani da amsar ko da ta sace ta). A kwamfutata lafiya lau.

Amma jiya a shagon wani Alhaji mai atamfa, burauza na buɗewa sai ga akawun ɗin ɗansa. Alhaji ya danna amincewa bai duba ba, lissafin wata guda ya tafi wurin yaro! Wani kuma rufe burauzar ya yi, wai ya zaci talla ce, manhajar ta yi ta jira har aka ɗauke wuta. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ban san abin ba haka zan yi.

Saka shafin shiga akawun ɗin Google a cikin manhajar ba zai yiwu ba, Google ta hana. Karɓar kalmar sirrinsu kuwa ban ma fara ba.

Shin hanyar RFC 8628, wadda mutum zai shigar da gajeriyar lamba a wayarsa, za ta fi musu sauƙi? Kuma wane saƙo kuke nunawa kafin burauza ta buɗe, da bayan an rufe ta? Allah ya saka da alheri.