Wai allurar diclofenac ba ta taɓa ciki?

Ɗan dako, Farin Gada, Jos: Salamu alaikum jama'a. Bayana ya riƙe tun da muka sauke buhunan dankali jiya. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce tunda ina da olsa in bar ƙwaya, ya yi min allurar diclofenac, wai ita ba ta bi ta ciki. Haka ne?

Mai kemis, Terminus: Haka ne mana. Ƙwaya ce ke zama a ciki ta ci bango. Allura jini take shiga, ina ruwanta da tumbi?

Malamar jinya, Nasarawa Gwom: Yaya, a yi haƙuri, ba haka ba ne. Jinin nan ai yana kewayawa har tumbi. Su diclofenac da ibuprofen da aspirin suna hana jiki yin wani sinadari mai suna prostaglandin, wanda shi ke sa tumbi fitar da yauƙin da ke kare shi daga tsaminsa. Wani masanin magunguna, John Vane, ne ya gano hakan a 1971. Ta baki ko ta allura, kariyar raguwa take yi.

Mai kemis: To sai a haɗa masa da omeprazole, maganin olsa, magana ta ƙare.

Ɗalibin likitanci, Jami'ar Jos: Malam, ba ta ƙare ba, saura hanji. A cikin kowace ƙwayar halitta ta bangon hanji akwai mitokondiriya, su ke juya abinci ya zama kuzarin da ake kira ATP. Magungunan nan suna warware aikinsu, sai su koma kamar janareto mai shan fetur yana ƙara amma gidan babu wuta. Ƙwayoyin halittar kuwa da kuzarin nan suke riƙe juna gam. In ya yi ƙasa sai haɗin ya saki, ruwan matsarmama da ƙwayoyin cuta su kutsa, wurin ya kumbura har ya yi gyambo. Abin da ya fi damuna: hanta tana zubo diclofenac cikin ruwan matsarmama, ya sauko ƙaramin hanji ko da a ɗuwawu aka yi allurar. Omeprazole tsamin tumbi kawai yake ragewa, bai kare can ba.

Mai kemis: Amma mutane nawa ke sha kullum, ga su garau?

Malamar jinya: Da yawa ba sa jin komai, Yaya, jini ne ke tsiyaya a hankali. Sai ka ja fatar idon mutum ka gan ta fari fat, yana haki daga ɗan hawan bene. Ɗan'uwa na Farin Gada, mai olsa bai kamata ya karɓi maganin nan ba sai likita ya duba shi. Kafin nan ka sha farasitamol daidai ƙa'ida, kar ka wuce, don hantarka. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ko ka yi aman jini, kar ka kwana, ka tafi asibiti.

Ɗan dako: Na gode Anti. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce in dawo gobe a ƙara min ta biyu, ba zan koma ba.